Wayar Da Ta Ƙi Narkewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga mahaifinka Garba Maƙeri a Samaru, zuwa ga ɗana Abba, a kan hanyarsa ta zuwa Ikko. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na wuta, Ya sauke ka cikin mutanen kirki.

Bayan haka, ni na ba Goggonka Asabe takardar nan na ce ta cusa ta can ƙasan guzurinka, don na san ba za ka kai gare ta ba sai jirgin ƙasa ya yi nisa da Zariya. Da gangan na yi. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa zama tabarma ɗaya da kai na yi hira ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. Shekara uku muna aiki ɗaki ɗaya a gidan gurzar auduga, maganarmu ba ta wuce "miƙo mai" da "riƙe nan" ba. Sai da na ga Goggonka tana ɗaure maka kaya na gane cikina cike yake da maganar da ban faɗa maka ba, kuma ba ka ko tafi ba na fara kewarka.

Akwai abin da ya wajaba ka sani kafin ka tsaya gaban Baba Salami, mutumin da ya aiko a tura masa kai. Na zalunce shi, ban taɓa neman gafararsa ba, kuma kai ba ka sani ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in bi da kai ta hanyar da ni na bi har na kai can, don kowane tuntuɓe da na yi akwai abin da za ka tsinta a wurin.

Ka san gidan gurza, amma ba ka san yadda idon baƙo ya gan shi ba. Shekarar da jirgi ya iso Zariya aka fara kafa rumfuna a Sabon Gari, aka ce Turawan auduga na neman wanda ya san ƙarfe. Kakanka bai so ba. Ni kuwa na gaji da garma da lauje, na ɗauki masabata na bi hanya tun da sanyin safiya. Na tarar da babban inji mai tururi yana juya magurzai, yana kuma juya wani abu da ke haifar da wutar lantarki. Wutar nan ita ke bin waya zuwa ɗan ɗakinmu, ta tada ƙaramin injin da ke jan famfo. Famfo ya ɗebo ruwa daga rijiya ya kai tanki, tanki ya shayar da tukunyar tururi. Wato duk girman gidan nan, da jakunan Shika da na Jushi da ke layi a ƙofa, a kan wannan ɗan injin suke rataye. Mai kula da shi shi ne Salami, Bayarabe mutumin Ikko, gajere, mai yawan dariya, ga goro kullum a kunci. Aka ce in zama mataimakinsa.

Ranar farko ya kai ni gaban allon dutse da ke jikin bango, ya nuna mini wata 'yar waya ta darma ɗaure tsakanin sukuru biyu, ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ya ce sunanta fis, duk wutar da za ta shiga inji ta cikinta take bi, in ta yi yawa sai wayar ta yi zafi ta narke, inji ya tsaya. Na dube ta, na dube shi. A raina na ce wannan aikin banza ne. Mu a maƙera, abin da ya karye abin kunya ne. In fartanyar da ka ƙera ta ɓalle a gona, har kasuwa za a bi ka da ita. Ga mutanen da suka iya ƙera jirgin ƙasa, amma wai sun kasa yin wayar da za ta yi ƙarko. Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata. Ya yi dariya ya ce, "Maƙeri, wannan wayan aikinta ke nan, ta mutu kafin inji ya mutu." Na ce to. Kunnena ya ji, amma maganar ba ta wuce nan ba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Ka san hannun da ake ja a tada inji, mai hawa-hawa. Salami yakan ja shi a hankali, ya tsaya a kowane mataki sai kukan inji ya daidaita, sa'an nan ya ƙara. Ni na ga wannan yanga ce. Ranar da ya bar ni in tada, na fizge hannun nan gaba ɗaya kamar mai jan guga. Sai ji na yi fat, haske ya walƙa, waya ta zama 'yan ƙwallaye a ƙasa. Na ce ka gani, ba ta da ƙarfi. Ya ce ba ita ba ce ba ta da ƙarfi, ni ne ba ni da haƙuri. Ya ɗaura wata, ya sa ni kallon allurar agogon wuta yayin da yake ja. Na ga ta yi tsalle sama a farko, sa'an nan ta sauko ta zauna. Inji in zai tashi daga tsaye yakan sha wuta fiye da yadda yake sha in ya kama gudu, na ɗan lokaci ne, waya tana iya jurewa in ba ka haɗa mata duka a lokaci ɗaya ba. Don haka, Abba, ko Bature na tsaye a kanka yana buga ƙafa, kada ka fizgi hannu. Ka bar inji ya ɗauki numfashi a kowane mataki.

Na biyu tsoro ne ya jawo shi. Da na ga wuta ba abin wasa ba ce, sai na koma ɗaya gefen. Wata rana waya ta narke Salami ba ya kusa, na buɗe gwangwanin wayoyinsa na ga kauri huɗu, na zaɓi mafi siriri, ina ganin na yi taka-tsantsan. Ranar nan sau biyar inji na tsayawa ba gaira ba dalili. Mai hura wutar tukunya ya zo ƙofa yana zagin wayar da wanda ya ƙirƙiro ta. Salami ya dawo ya duba, ya ja ni gefen inji, ya goge ɗan allon tagullar da ke manne a jikinsa da babban yatsa. A nan ya fara koya mini lambobin boko. Ya ce lambar nan ita ce abin da injin zai iya sha yini guda bai wahala ba. Wayar da za ka ɗaura ta zama ta fi lambar da ɗan kaɗan, yadda za ta jure tashi, amma ba za ta jure wahala mai tsawo ba. In ka sa wadda ta gaza, za ta riƙa yanke aiki a banza har mutane su raina ta, ranar da ta yanke da gaskiya ba wanda zai saurara. Kowane inji da lambarsa. Ko sun yi kama da juna kamar tagwaye, ka karanta allon kowanne, kada ka ɗauki wayar wannan ka sa wa wancan.

Na uku na daɗe ina yinsa kafin a kama ni. In waya ta narke, sai in yi maza in ɗaura sabuwa in tada, ina alfahari da saurin hannuna. Ban taɓa tambayar me ya narkar da ita ba. Salami kuwa in ta narke sai ya zauna a kan akwati ya ɓare goro. Yakan ɗora bayan hannunsa a jikin inji, in bai iya ƙirga goma a hankali ba, ba zai tada ba. Sa'an nan ya zare bel ya juya famfo da hannu ya ji ko ya yi nauyi, ya duba mai a wuyan inji, ya busa kafofin iska, don gashin auduga yakan toshe su ya hana inji shan iska. Yakan sa hanci ya sunsuna. In ya ji wari kamar ana ƙona ƙaro, ya ce yau sai haƙuri. Da bazara in ɗakin ya ɗau zafi, waya takan narke da wuri, ni kuwa ina ta ƙorafi. Ya ce inji ma zafin yake ji, a buɗe taga, a rage masa aiki, a bar waya yadda take. Wannan duka na koya maka da hannu, amma ban taɓa gaya maka daga wa na samo ba.

Ina son ka san irin zaman da muka yi da mutumin nan. Da kakar auduga ba na iya komowa Samaru kullum, sai ran Asabar. Ɗakin da na kama yana jikin nasa. Matarsa takan aiko mini da tuwon rogo da miya mai barkonon da ke sa ni hawaye, shi kuwa yana ta dariya yana cewa maƙeri na tsoron wuta. Ni kuma in kawo masa fura daga hannun Innarka. Bayan la'asar mukan zauna gindin ɗorawar da ke bayan tasha, yana ba ni labarin teku, ina ba shi labarin farauta, kowa na ƙara gishiri kowa ya sani. Ban yi aboki kamarsa ba, kafinsa ko bayansa. Har yau in na bi ta gindin ɗorawar nan sai in ga kamar zan tarar da shi.

To, ga babban.

Ana cikin yaƙin Turawa, shekarar da auduga ta yi kyau ƙwarai. Zazzaɓi ya kwantar da Salami. Baturenmu, wanda muke kira Mai-Lofe, ya ce in riƙe ɗakin kafin ya tashi. Ran Juma'a waya ta narke sau uku. Ran Asabar sau huɗu kafin azahar. Duk tsayawa sai tanki ya ja baya, magurzai su yi shiru, masu jakuna su taso da hayaniya, wasu kwana biyu suna jira. Mai-Lofe ya zo ya tsaya a ƙofa ya cire lofensa ya ce, "Garba, kai ba ka iya ba?" Maganar nan ta soke ni. Na san abin da ya kamata in yi. Rani ya yi nisa, ruwan rijiya ya ja ƙasa, famfo yashi yake tsotsa, shi ya sa ya yi wa inji nauyi. Gyaransa yini guda ne cur, a kwance famfo a wanke, a yashe rijiya. Amma wa zai je ya ce wa Bature a tsai da aiki yini guda a tsakiyar kaka? Ni dai ban iya ba. Kuma can ƙasan zuciyata tsohon tunanin nan bai mutu ba, cewa wayar ce raguwa.

Na dawo Samaru ran Asabar da yamma. Lahadi da hantsi na shiga maƙerar kakanka na hura wuta. Ba ni da jan ƙarfe, sai na tambayi Innarka tsohuwar munduwarta da ta daina sawa. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, me za a yi da ita?" Na ce zan gyara wa Turawa abin da suka kasa. Na buga ta, na ja ta, na goge ta har tana ɗaukar ido. Wallahi, Abba, ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Na riƙe ta a tafin hannu ina jin daɗi, ina cewa bari Salami ya warke ya ga aikin maƙeran Zazzau.

Litinin na ɗaura ta. Inji ya tashi, bai tsaya ba. Hantsi ya yi, bai tsaya ba. Tanki ya cika har yana zuba. Mai-Lofe ya leƙo ya ɗaga mini yatsa. Allurar agogo tana can sama inda ban taɓa ganin ta zauna ba, sai na daina kallonta. Na ɗora hannu a jikin inji na janye da sauri, na ce ai zafin rana ne. Talata da azahar na ji warin ƙaro. Na ce bari tanki ya ƙara cika kaɗan in tsayar. Ina cikin wannan bari-bari kukan inji ya sauya, tartsatsi ya fito ta kafofin iska, hayaƙi baƙi ya turnuƙe ɗakin. Kafin in kai ga hannun kashewa, aikin gama ya gama. Allah Ya taimake mu wutar ba ta kai ga dilolin auduga ba. Na juya na dubi allon dutse, wayata tana nan daram, ko launi ba ta sauya ba.

Salami ya ji ihu daga ɗakinsa. Ya taso da zazzaɓinsa, mayafi a kafaɗa, ya riga Bature isowa. Bai dubi inji ba, allon ya nufa kai tsaye. Ya tsaya yana kallon jan ƙarfen nan. Sa'an nan ya sa gefen mayafinsa ya kwance sukuru, ya cire ta ya jefa a aljihu. Ya dube ni, idonsa ja wur don ciwo, ya ce, "Kai, Maƙeri." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mai-Lofe ya shigo yana huci, ya tambaya wa ya yi wannan. Na buɗe baki, Allah Ya sani na buɗe, amma ba abin da ya fito. Na tuna kakanka da ya ce kada in zo, na tuna yadda za a ji a kasuwar Samaru cewa ɗan gidan maƙera ya ƙone injin Turawa. Sai na ji Salami yana cewa ɗakin nasa ne, injin nasa ne, shi ne bai duba famfo ba kafin ya kwanta. Bature ya ce masa ya tattara kayansa.

Saboda yaƙi, sabon inji bai iso ba sai da aka yi wata da watanni. Sauran kakar nan da tulu aka riƙa cika tanki, mata da maza suna jere daga rijiya, wasu masu auduga suka gaji suka juya da jakunansu. Ranar da Salami zai tafi na je tasha. Na hango shi da matarsa da 'ya'yansa biyu da akwatin kayan aikinsa, yana ta waige-waige. Na san ni yake nema. Na laɓe bayan tarin buhunan angurya har jirgi ya tashi. Da sabon inji ya zo, ni aka ba ɗakin. Tun daga ranar ban sake ƙone ko fitila ba, har mutane suna cewa Garba kunnen inji gare shi, kai ma kana jin haka kana jin daɗi. Yanzu ka san a kan me sunan nan yake zaune.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Duk ranar da waya ta yi ta narkewa a jere, magana take yi maka, ba gardama ba. Kada ka ƙara mata kauri, kada ka ninka ta biyu, kada ka sa ƙusa ko wani ƙarfe a madadinta ko na minti ɗaya. Na ji an ce a Ikko akwai sababbin akwatuna da ba sa narkewa, sukan ɓalle da kansu in wuta ta yi yawa, kuma da ɗan sukuru ake saita inda za su ɓalle. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ni sai da na yi tafiyar Samaru, na hura wuta, na yi gumi kafin in yi ɓarnata. Kai yatsa biyu sun ishe ka. Ka saita shi a kan lambar da ke jikin inji, ka yi masa alama, ka cire hannunka. In babba ya ce ka murɗa shi sama don aiki ya tafi, ka ce masa a ba ka yini guda ka nemo abin da ya yi wa inji nauyi. Zai yi faɗa. Faɗan Bature ba ya wuce la'asar, na gani da idona sau da yawa daga baya. Abin da na guje wa ke nan, na sayi abin da ya fi shekara huɗu yana cina.

In kuwa ka yi ɓarna, don za ka yi, ba mai aikin da ba ya yi, ka faɗa da bakinka tun hayaƙi bai washe ba. A lokacin kalma uku ce. In ka bari ta kwana sai ta yi nauyi, in ta shekara ba ka iya ɗaga ta.

Innarka ta sani. Ba ta taɓa tambayata ina munduwarta ba, amma da ta ji an sallami Salami ta dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai. Duk shekara in auduga ta fara fashewa a gona sai ta ce, "Malam, har yanzu ba ka aika wa mutumin nan da takarda ba?" In ce sai an gama kaka. In an gama kaka in ce ban san unguwarsu ba. Ƙarya nake yi, masu aikin jirgi sun sani, tambaya ɗaya ce. Da murar nan ta bara ta shigo gari ta kwantar da ita, ana gobe za ta rasu, da rana tsaka ina yi mata fifita, ta sake faɗa. Na ce insha Allahu. Ta ce, "Kullum haka kake cewa." Ba da faɗa ta faɗa ba, da murmushi ne. Ina kewarta, Abba. Gidan nan ya yi mini faɗi. Da kana nan ina jin motsinka a zaure ina samun sauƙi, ko da ba ma magana.

Sai ga shi watan jiya wani mai aikin jirgi ya kawo mini saƙo da baki. Wai Salami yana gaishe ni, yanzu shi ne babba a wani ɗakin injuna a Ikko, ya ji ɗana ya iya aiki, in turo masa shi. Ka ga lokacin da na karɓi saƙon, ka ga na shiga ɗaki na daɗe. Ka ɗauka murna ce. Ban san abin da ke zuciyarsa ba. Ko ya yafe ne, ko so yake ya ga irin ɗan da matsoraci ya haifa, ban sani ba. Na so in hana ka tafiya don asirina ya rufu, har na fara shirya dalilai. Sai na ga in na yi haka na ci amanar mutum biyu ke nan.

Shekaranjiya na yi abin da ya kamata in yi tun tuni. Na sa rigata ta Juma'a na tafi ofis. Mai-Lofe ya daɗe da komawa ƙasarsu, sabon Baturen yaro ne, bai san Salami ba. Na tsaya na faɗa masa komai ta bakin tafinta, tun daga yashin rijiya har zuwa jan ƙarfe. Ya saurara yana juya alƙalami. Da na gama ya tambayi tafinta ko injin yanzu lafiya yake. Aka ce lafiya lau. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, in koma bakin aiki. Na fito na tsaya a rana. Shekara huɗu ina tsoron ranar nan, ashe na bari har ba sauran wanda maganar za ta dama a garin nan. Wadda ta roƙe ni ta tafi, wanda ya yi hukunci ya tafi. Saura mutum biyu a duniya da take da nauyi a wurinsu, shi da kai.

Don haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. In ka isa, kafin ka karɓi aiki, kafin ka ci abincin gidansa, ka gaishe shi irin gaisuwar da za ka yi mini. Sa'an nan ka ce masa, a gaban mutanen da ke aiki ƙarƙashinsa, ba a keɓe ba: mahaifina Garba ya ce shi ya ƙone injin Zariya, kai ba ka da laifi, ya yi shiru don tsoro, kuma yana bayan buhuna ranar da ka tafi. Kada ka gyara maganar, kada ka sa mata zuma. Na san abu ne mai nauyi a ɗora wa ɗa ya tona asirin ubansa a baƙon gari ranar da ya sauka. Da ƙafata za ta kai ni da ni zan je. In ya ce ka koma, ka komo, ɗakinka na nan, ba wanda zai ce maka komai. In ya riƙe ka, ka riƙe shi uba, ya fi ni cancanta ta wajen aiki da ta wajen hali.

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. In ranka ya ɓaci, kana da gaskiya. Amma ka rubuto mini. Ka ba masu aikin jirgi, sun san ni. Duk ranar da jirgin Ikko zai shigo zan je tasha in tsaya a fili inda kowa zai gan ni. Ka faɗa mini abin da ya ce, kalma da kalma. In bai ce komai ba, ka rubuto cewa bai ce komai ba, zan karɓa.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko inji na gudu, ka nemi wanda zai tsaya maka. Kada ka taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, an ce garin akwai laima. Goggonka tana gaishe ka, tun jiya take kuka tana cewa hayaƙi ne.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa. Allah Ya jiƙan Innarka. Allah Ya sa in ga amsarka da idona, in kuma sake ganin fuskarka kafin a rufe tawa. Amin.

Ni ne mahaifinka, mai kewarka,
Garba.